Shekara biyu ina zuwa asibitin bibiyar masu dashen ƙoda a Abuja: abin da na yaba da abin da ya saura a gyara

A watan jiya na cika shekara biyu da dashen ƙoda. Ƙanwata ce ta ba ni tata guda, bayan na shafe sama da shekara ina wankin ƙoda sau biyu a mako, kuma an yi aikin ne a wani asibitin kuɗi da ke nan Abuja. Tun daga lokacin mutane ke tare ni a masallaci da wurin aiki suna tambayata kuɗin tiyata, da ƙwarewar likitan fiɗa, da ko gara a tafi Indiya ko Masar. Ban taɓa samun wanda ya tambaye ni yadda ake kula da mutum bayan an sallame shi ba, alhali a nan ne ƙodar ke ɗorewa ko ta lalace. Saboda haka abin da zan auna shi ne sashen bibiya na asibitin, wato inda muke komawa ana ɗibar jininmu ana daidaita mana magani. Ban ambaci sunan asibitin ba domin akwai ƙorafi a cikin bayanina, kuma ma'aunin da zan yi amfani da shi zai yi wa kowa aiki a duk inda yake zuwa.

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore a duniya an yi shi ne a shekarar 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun likita Joseph Murray, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya, shi ya sa jikin wanda aka dasa wa bai ɗauki ƙodar a matsayin baƙuwa ba. A Najeriya an fara ne a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, sannan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Mu da ba tagwaye ba, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke da mai bayarwa, dole mu sha magungunan danne garkuwar jiki muddin ƙodar tana jikinmu. Nawa guda uku ne, irin waɗanda aka fi bai wa masu dashe: takrolimus, da maikofenolet, da firednisolon. Aikinsu shi ne su sanyaya fararen ƙwayoyin jinin da ake kira ƙwayoyin T, waɗanda da an bar su da ƙarfinsu za su far wa ƙodar cikin 'yan kwanaki.

Abu na farko da ya sa na amince da wannan sashe shi ne zaman da likitan ƙodar ya yi da ni da uwargida a makon farko bayan sallama. Ya juya bayan takardar gwaji ya zana gida da biro, ya ce, "Malam, ɗauki jikinka a matsayin fada. Akwai dogarai, akwai baƙon da muka sauke, wato ƙodar nan, sannan akwai wasu fursunoni da suka daɗe a tsare a bayan gida tun kana yaro. Mun rage wa dogaran ƙarfi don kada su kori baƙon, amma su ɗin ne dai ke gadin fursunonin." Fursunonin da yake nufi su ne ƙwayoyin cuta na bairos waɗanda idan suka shiga jikin mutum ba sa fita har abada, sai dai su lafa. Ya ce rabin aikinsa a kaina shi ne ya san lokacin da suka fara motsi tun kafin ni na ji komai a jikina. Har yanzu takardar tana cikin jakar da nake ajiye sakamakon gwaje-gwajena, kuma na nuna wa mutum fiye da biyar.

Babba a cikin fursunonin nan ita ce saitomegalobairos, wadda kowa a sashen ke kira CMV. Mafi yawan manya a ƙasashenmu sun kamu da ita tun suna yara ta hanyar yawu ko nono, ba tare da sun san an yi ba. Kafin aiki an gwada ni da ƙanwata, aka tarar dukkanmu muna ɗauke da ita, wanda ya sa haɗarina ya zama matsakaici, domin wanda ya fi shiga haɗari shi ne wanda bai taɓa kamuwa ba aka dasa masa ƙodar mai ɗauke da ita. An ba ni maganin kariya mai suna balgansaikulobir na wata uku, kamar yadda aka saba, su kuwa masu babban haɗari har wata shida ake kai su. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne irin nauyin da wannan ƙwaya ke ɗora wa garkuwar jiki ko a jikin mai lafiya. A mutumin da ke ɗauke da ita, kusan kashi 10 cikin 100 na ƙwayoyin T masu riƙe da tarihin cututtukan da jiki ya taɓa gamuwa da su, aikinsu kawai tsaron CMV ne. Wannan kaso ne mai yawa ga ƙwayar cuta guda, kuma da yawa daga cikin waɗannan masu gadi, saboda daɗewa a kan aiki ɗaya, sukan ɗauki kamannin tsofaffin ƙwayoyi, su rage hayayyafa, su cika wurin da sababbi za su tsaya.

Tana da dabarar ɓuya kuma. Kowace ƙwayar jiki tana ɗauke da wani tambari a bayanta wanda ƙwayoyin T ke karantawa su gane abin da ke ciki, ita kuwa CMV takan rage wannan tambari a ƙwayar da ta shiga don kada a gan ta. Idan ta farka a jikin mai dashe, ɓarnarta kashi biyu ce. Akwai ciwon da take haddasawa da kanta a hanji ko huhu ko hanta, akwai kuma yadda take ƙara raunana garkuwar da magani ya riga ya danne, ta buɗe wa wasu cututtuka ƙofa, a lokaci guda kuma kumburin da take tayarwa yana iya jawo hankalin garkuwar zuwa kan ƙodar. Likitan ya bayyana mini cewa wasu ƙwayoyin T da suka horu a kan yaƙar bairos sukan yi kuskure su ga tambarin ƙodar da aka dasa ya yi kama da na abokin gabarsu, sai su kai mata hari. A nan na fahimci dalilin da ya sa ba a raba maganar ƙwayoyin cuta da maganar ƙin karɓar ƙoda a wannan sashe.

Na gani a jikina a wata na biyar, makonni kaɗan bayan na gama maganin kariya. Na fara da kasala wadda ko matakalar ofis ba na iya hawa sai na huta, sai masassara da yamma, sai gudawa. Na yi abin da kowane ɗan Najeriya zai yi, na ce zazzaɓin cizon sauro ne, na aika yaro kemis ya sayo magani. Kwana huɗu ba sauƙi, uwargida ta ɗauki wayata ta kira lambar sashen da kanta. Ma'aikaciyar jinyar da ta amsa ba ta tsaya dogon bayani ba, ta ce, "Hajiya, ku kawo shi yau, kada ku jira ranar Talata." A ranar aka ɗibi jini, aka ga fararen ƙwayoyin jinina sun yi ƙasa sosai, kuma likitan bai jira sakamakon gwajin CMV ba, ya mayar da ni kan balgansaikulobir sau biyu a rana gwargwadon ƙarfin ƙodata, ya rage maikofenolet. Da sakamakon ya fito, hasashensa ya tabbata. Bai yi mini faɗa a gaban iyalina ba, amma da muka keɓe ya ce, "Malam, daga yau babu zazzaɓin da za ka yi wa magani a gida." Ya ƙara da cewa wasu magungunan da ake saye a kemis ba tare da tunani ba, kamar wasu na kashe ƙwayoyin cuta da na ƙaiƙayi, suna ɗaga takrolimus a jini har ya cutar da ƙodar, rifamfisin na tarin fuka kuma yana zubar da shi ƙasa.

A wannan fanni na ba su cikakken yabo. Wayarsu ana ɗauka, dare ko rana, kuma wanda ya ɗauka ya san abin da yake yi. Na sake gwada wannan lokacin da autanmu ya kamu da ƙarambau, na kira wajen ƙarfe goma na dare cikin fargaba. Suka duba fayil ɗina suka ga gwajin kafin aiki ya nuna na taɓa yin ta ina yaro, suka kwantar mini da hankali, amma suka ce in lura da duk wasu ƙuraje masu ruwa da zafi da za su fito a jere a gefe ɗaya na jiki, domin ƙwayar ƙarambau ma tana cikin masu lafawa a jijiyoyi ta dawo idan garkuwa ta yi rauni.

Haka ma tsarin ɗibar jini. Ana shan takrolimus ne duk bayan sa'a 12, kuma gwajin yawansa a jini ba ya da amfani sai an ɗiba gab da shan na safe. Ni ina sha ƙarfe takwas na dare da takwas na safe, ina kuma zaune a Kubwa, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar Kubwa da safiyar ranar aiki ya san abin da ake nufi da isa cikin gari kafin takwas. Nakan fita bayan sallar Asuba da kwalbar maganina a aljihu da ruwa a mota. Sashen ya ware mana layinmu dabam, mai ɗibar jinin yana nan tun bakwai da rabi, kuma tambayarsa ta farko kullum ita ce ƙarfe nawa na sha na daren jiya. Yana rubuta lokacin a jikin kwalbar jinin, sannan ya ce in haɗiye na safe a gabansa. Ƙaramin abu ne a ido, amma wanda aka ɗibi jininsa bayan ya sha magani zai fito da adadi mai yawa na ƙarya, a rage masa magani a kan kuskure.

Ƙorafina ya shafi ƙwaya ta biyu, wadda ake kira BK. An fara gano ta ne a Landan a shekarar 1971 a fitsarin wani mai dashen ƙoda, kuma haruffan farko na sunansa ne aka sa mata. Mazauninta ƙoda ce da hanyar fitsari, kusan kowa ya kamu da ita tun yarinta, kuma mugun halinta shi ne ba ta ba da alama. Ba zazzaɓi, ba ciwo, mutum yana cin abincinsa yana zuwa aiki tana cin ƙodar a hankali. Hanya ɗaya ta kama ta ita ce gwajin PCR na jini, mai ƙirga yawan ƙwayar, wanda ƙa'idojin da likitocin ƙoda ke bi suka ce a riƙa yi wata-wata a watannin farko, daga baya a tsawaita. Idan adadinta ya haura 10,000 a kowace mililita ta jini, akan ɗauka ta fara taɓa ƙodar. Asibitin ba ya yin wannan gwaji a ɗakin gwaje-gwajensa, aikawa yake yi waje, kuma sakamako yakan ɗauki kwana goma ko fiye.

A wata na takwas, bayan an mayar da maikofenolet ɗina yadda yake a da, aka ɗibi jinin BK kamar kullum. Na jira mako biyu ban ji komai ba, na ɗauka lafiya ce, domin sun saba kira idan akwai matsala. Sai da na koma ganin likita na ga fuskarsa ta canza yana duba fayil. Sakamakon ya iso kwana tara kafin ranar, ya haura iyakar nan, an maƙala shi a fayil ba wanda ya kai masa, ba wanda ya kira ni. Ya ba ni haƙuri ba tare da ya ɗora wa kowa laifi a gabana ba, na kuma yaba da hakan, amma haƙuri ba ya mayar da kwana tara. Idan aka haɗa da kwanakin da samfurin ya yi a hanya, kusan mako uku ke nan ƙwayar tana hayayyafa ana ci gaba da ba ni cikakken maganin da ke ba ta dama. Sashen da ke ɗaukar waya ƙarfe goma na dare bai kamata a ce takarda mai wannan nauyi ta kwana a fayil ɗinsa ba, kuma gyaran ba ya buƙatar sabuwar na'ura, mutum ɗaya ne kawai za a ɗora wa alhakin duba kowane sakamako ranar da ya iso.

Yadda likitan ya riƙe lamarin bayan haka shi ne ya hana ni sauya asibiti. BK ba ta da maganin da aka tabbatar yana kashe ta, abin da ake yi shi ne a sassauta wa garkuwar jiki ta yi yaƙin da kanta, kuma a nan ne mai dashe ke samun kansa a gaba kura baya siyaki. A rage magani da yawa, jiki ya ƙi ƙodar. A bar shi yadda yake, ƙwayar ta cinye ta. Abin da ya ƙara wahalar shi ne BK da ƙin karɓar ƙoda suna iya nuna alama iri ɗaya a gwajin jini, wato hauhawar kiriyatinin, sinadarin da ke taruwa a jini idan aikin ƙoda ya ragu, alhali maganin ɗayan gubar ɗayan ne, shi ya sa wani lokaci sai an tsaga ɗan ƙanƙanin nama daga ƙodar da allura an duba. Nawa kiriyatinin ɗin ya ɗan motsa kaɗan ne, don haka ya raba maikofenolet biyu, ya saukar da mizanin takrolimus, ya sa ana gwada ni duk mako biyu, ya kuma aika jinina a duba ko jikina ya fara ƙera makaman yaƙar ƙodar ƙanwata. Bai fara ba, alhamdu lillahi. A cikin wata huɗu adadin ƙwayar ya yi ta sauka har ya ɓace.

Wata magana da ya faɗa a lokacin ta zauna mini. Ya ce babu wani gwaji guda da ke nuna masa kai tsaye iya ƙarfin da ya rage wa garkuwar mutum, domin yawan magani a jini ba shi ne yawan tasirinsa ba, mutum biyu na iya shan adadi ɗaya ɗaya ya danne sosai ɗaya bai danne ba. Saboda haka farkawar CMV, sannan BK a bayanta, su ne suka shaida masa cewa adadin da littafi ya tsara ya yi wa jikina yawa. Tun daga nan bai sake mayar da ni kan tsohon adadin ba. Wannan shi ne bambancin likitan da ke bin takarda da wanda ke karanta mai jinya, kuma shi ne abin da nake biyan kuɗinsa.

Akwai sauran ƙwayoyi da suke sa wa ido ba tare da sun taɓa dame ni ba. Duk zuwa sai likita ya lalubi wuyana da hammatana yana neman kaluluwa, saboda ƙwayar Epstein-Barr, wadda aka gano a shekarar 1964 a samfuran wata sankarar yara da aka aika Landan daga Yuganda. Tana zaune a wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, kuma idan masu tsaronta suka yi rauni tana iya sa su yi ta hayayyafa har ya zama ciwon daji. Sukan duba ƙafafuna da dasashina saboda tabon sankarar Kaposi, wadda wata ƙwayar ce ta dangin CMV ke kawo ta, kuma an fi ganin ta a nahiyarmu. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan, an gwada ni ba ni da shi kuma an yi mini rigakafinsa tun ina wanki, amma wani dattijo daga Nyanya da muke haɗuwa a layi yana ɗauke da shi, kuma kullum sai ya haɗa da maganin da ke hana shi tashi.

Sai maganar kuɗi, wadda ba zan ɓoye ba. Gwajin PCR guda yana cin wani babban yanki na albashina, balgansaikulobir kuma ya fi dukkan magungunana tsada, kuma da yake daga waje ake shigo da su, duk lokacin da Naira ta faɗi sai farashin ya tashi. Ba laifin asibitin ba ne wannan, amma akwai abu biyu da ke hannunsu. Ba sa ba da jadawalin gwaje-gwajen shekara tun farko da mutum zai yi tanadi a kai, sai dai ka ji a bakin mai karɓar kuɗi ranar da za a yi. Sannan kantin maganinsu ya taɓa sauya mini takrolimus na wani kamfani da na wani ba tare da an gaya mini ba, sai da na ga kwalin ya bambanta na tambaya, alhali irin wannan sauyi yana buƙatar a sake auna jini bayansa. Na ga waɗanda suka fara tsallake gwajin BK saboda suna jin garau kuma aljihu ya yi zafi, kuma bayan abin da ya same ni, da zan zaɓi abin da zan jinkirta a wata, ba shi zan zaɓa ba.

Wanda ya tambaye ni ko ya kai ɗan'uwansa wannan sashe, zan ce ya kai shi, har da wanda aka yi wa aikin a ƙasar waje ya dawo ba shi da mai bibiyarsa, domin suna karɓa. Sai dai ya riƙe nasa littafin, ya rubuta ranar da aka ɗibi kowane jini, idan kwana goma ya cika bai ji ba ya kira da kansa ya nemi a karanta masa adadin, kada ya wadatu da "babu matsala". Ni haka nake yi yanzu, kuma ma'aikatan sun saba da kirana. A zuwana na ƙarshe na gaya wa likitan ina da niyyar Umara, sai ya ajiye biro ya ce kada in kuskura in karɓi allurar rigakafin cutar shawara ba da saninsa ba, domin da rayayyiyar ƙwayar cuta da aka raunana ake yin ta, kuma ba a yi wa mai shan irin magungunana. Ya ce zai rubuta mini takardar uzuri, ya kuma sa a sake gwada CMV da BK wata guda kafin tafiyar. An ɗibi jinin ranar Talatar da ta wuce, na rubuta ranar a littafina, kuma ranar Juma'a mai zuwa ce kwana na goma.